Wata Bakwai Ina Neman Amfilifaya Ta Hannu

Lasifikoki ne suka jawo mini wannan neman. Shekara 3 da suka wuce na sayi wasu dogaye guda biyu, irin waɗanda ake tsayarwa a ƙasa, na kawo su falo na haɗa su da tsohuwar amfilifayata, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, mai wat 50 a kowane ɓangare, hagu da dama, wadda ta yi mini hidima tun ina gwauro. Idan sauti yana ƙasa ƙasa komai lafiya lau. Amma da zarar na ɗan ƙara murya, musamman a kiɗan da ke da kalangu da ganga mai kauri, sai in ji dukan ya rasa nauyinsa, muryar mawaƙi ta yi tsini tana sukar kunne, bayan rabin sa'a kuma murfin na'urar ya ɗauki zafin da ba a iya barin hannu a kansa. Sau biyu ta kashe kanta da kanta. Na daɗe ina zargin lasifikokin kafin in karanta abin da aka rubuta a bayansu da idon basira: om 4, da ƙarfin ji na desibel 87.

Waɗannan lambobi biyu su ne tushen maganar, don haka zan ɗan tsaya a kansu. Desibel 87 na nufin idan aka ba lasifikar kimanin wat 1, wanda ya tsaya mita ɗaya a gabanta zai ji sauti mai ƙarfin desibel 87. Ninka wat sau biyu ba ya ƙara komai face desibel 3, kuma sai an ninka shi sau 10 ake samun ƙarin desibel 10, wanda shi ne kunnen ɗan Adam yake ɗauka a matsayin ninkin ƙara. Ke nan wanda ya tashi daga wat 50 zuwa wat 250 bai samu ƙara ninki biyar ba, desibel 7 kawai ya ƙara. Om kuwa ma'aunin yadda lasifika take tare wuta ne, kuma om 4 na nufin lasifikar tana jan wuta ninki biyu na abin da mai om 8 take ja a kan bolt iri ɗaya, kuma a wasu sautuka na ƙasa ƙasa tana iya sauka ƙasa da om 4 ɗin ma. Abin da nake buƙata, ashe, na'ura ce mai taransifoma babba da tiransistoci masu yawa, wato ƙananan sassan da ke sarrafa wutar da ke zuwa lasifika, wadda za ta iya zuba wa lasifika wuta a daidai lokacin da makaɗi ya sauke gula a kan fata, ba tare da ta durƙushe ba.

Irin wannan na'ura aikinta ɗaya ne tak. Ba ta da maɓallin ƙara murya, ba ta da wurin zaɓar rediyo ko faifai. Duk wannan aikin wata na'ura ce daban da ke gabanta, wadda ake kira firi-amfilifaya. Ita dai tana karɓar ƙaramin sauti ta ƙara masa ƙarfi ta miƙa wa lasifika. Saboda sauƙin aikin nata ne ma ta fi kowace na'urar sauti dacewa da saye a hannu, domin ba ta da manhajar da za ta tsufa kamar wayar salula, kuma tsarin da aka bi wajen ƙera mai kyau a 1995 bai sha bamban sosai da na yau ba. Sabuwa daga cikin manyan kamfanoni ta fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, musamman idan aka juya dala zuwa naira aka ɗora kuɗin jirgi da na kwastam. Saboda haka tun farko na san ta hannu zan nema.

Na fara da sunaye, kamar yadda kowa yake farawa. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Krell, kamfanin da Dan D'Agostino ya kafa a Amurka a 1980, musamman samfurin KSA-250, wanda ke ba da wat 250 a om 8, ya ninka zuwa 500 a om 4, ya sake ninkawa zuwa 1,000 a om 2. A takarda babu abin da ya fi wannan dacewa da lasifikokina. Sai dai nauyinta wajen kilo 60 ne, kuma an ƙera ta ne ta riƙa aiki sosai a tsarin da ake kira ajin A, inda tiransistoci suke jan wuta mai yawa a koyaushe, ko ana kiɗa ko an yi shiru, abin da ba a yi amfani da shi ba kuma ya koma zafi. A gidan da ke ƙasar sanyi wannan zafin ba abin damuwa ba ne. A Kano, inda watan Afrilu kan haura digiri 40, a ɗakin da rabin dare yake dogara da inbata da batura, na ga ba zan iya riƙe na'urar da ke cin ɗaruruwan wat tana zaune ba. Na kuma duba McIntosh na garin Binghamton a jihar New York, har da MC275 mai kwalaben gilashi irin na tsofaffin rediyo maimakon tiransistoci, wadda ta fara fitowa a 1961 da wat 75 a kowane ɓangare. Ina ganin girmanta ƙwarai, amma kwalabenta, samfurin KT88, suna ƙarewa da amfani, kuma ba abu ba ne da mutum zai shiga kasuwar Sabon Gari ya samo da yamma ɗaya.

A nan ne maganar wuta ta shigo, kuma ina roƙon duk mai niyyar irin wannan saye ya fara da ita kafin ya kalli fuskar na'ura. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, mai zagaye 50 a daƙiƙa, daidai da ta Ingila da sauran ƙasashen Turai. Ta Amurka da Kanada bolt 120 ce mai zagaye 60, ta Japan kuma bolt 100. Yawancin kayan Accuphase da Luxman da ake gani da araha a intanet an yi su ne don kasuwar cikin Japan, haka nan yawancin tsofaffin kayan Amurka na bolt 120 ne. Wanda ya soka irin wannan a soket ɗinmu kai tsaye, daƙiƙa ɗaya ta ishe shi asara. Ana iya sa taransifomar rage wuta a tsakani, amma dole ta zama babba sosai, ta fi abin da amfilifayar take ja da tazara mai yawa, in ba haka ba ita ce za ta shaƙe na'urar a daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfinta. Bayan haka akwai wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: taransifomar da aka naɗa don zagaye 60, idan aka ba ta zagaye 50, ƙarfen cikinta yana ɗaukar nauyin maganaɗisu da ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, kuma idan ba a bar mata sarari tun daga masana'anta ba, sai ta riƙa gurnani tana zafi. Wasu kamfanoni suna naɗa taransifomarsu yadda za a iya sauya haɗin wayoyi daga 120 zuwa 230, wasu kuma ba sa yi.

Tayin farko daga wani dillali ya zo, ta WhatsApp, da hotuna huɗu da ɗan bidiyo na daƙiƙa 20 inda fitilar gaba take ci, kiɗa yana tashi. Ya ce kayan suna Legas, in tura rabin kuɗi a ɗoro mini a mota. Farashin ya yi daɗi, kuma ban ga alamar rashin gaskiya a tare da shi ba, amma na ce masa ba zan yi cinikin biri a sama ba. Bidiyon daƙiƙa 20 ba ya nuna abin da na'ura za ta yi bayan ta yi sa'a guda tana aiki, kuma a irin waɗannan kaya yawancin cuta sai jiki ya ɗumama take bayyana.

Tayi na biyu shi ne ya koya mini abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Wata babbar amfilifaya ce ƙirar Amurka a wani shago a nan cikin gari, fuskarta baƙa wuluk mai kauri, da hannuwa biyu na ɗauka, ko ƙwarzane babu. Mai shagon ya ce an riga an mayar da ita wutar Najeriya, ya kunna mini, kuma gaskiya sautin da na ji a cikin hayaniyar kasuwa ya burge ni har na fara lissafin kuɗi a zuci. Abin da ya cece ni shi ne na riga na yi wa kaina alkawarin ba zan biya ko sisi ba sai na zo da wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin da ke unguwarmu, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana wannan sana'a, tun zamanin da ake gyara kaya maimakon a jefar.

Washegari muka je tare. Bai nemi a sa kiɗa ba. Ya ce a cire wayoyin lasifika, a cire duk abin da ke shiga, ya kunna na'urar ya bar ta minti 10, sannan ya fito da mitarsa ya ɗora allurai biyu a kan wurin ɗaura wayar lasifika. Abin da yake aunawa shi ne wutar DC, wato wuta mai tsayawa wuri guda irin ta batir, wadda bai kamata ta riƙa fita zuwa lasifika ba. A lafiyayyar amfilifaya abin da ake gani kaɗan ne ƙwarai, yawanci ƙasa da milibolt 50 (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt). Ɓangaren hagu ya nuna 30. Na dama ya nuna sama da 400, kuma lambar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana hawa tana sauka. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, wannan ɓangaren ba shi da lafiya. In ka kai ta gida, wata rana za ta ƙona maka lasifika kana zaune.”

Na ce, “Baba, ba a iya gyarawa?”

Ya ce a bari ya ga cikinta tukuna. Mai shagon ya ɗan yi jinkiri, amma ya yarda aka kwance murfin. Ko ni da ba sana'ata ba ce na ga bambancin ɓangarorin biyu. A hagu tiransistocin fitarwa duk iri ɗaya ne, jere da lambobi masu kama da juna. A dama kuwa guda uku sun bambanta da sauran, an like su da dalma dunƙule dunƙule, allon da ke ƙarƙashinsu ya yi launin ƙasa saboda ƙuna. Ɗaya daga cikin manyan kafasitoci, wato gwangwanayen da ke tara wuta, ya kumbura a sama, ga wani farin gari da ya bushe a gindinsa. A wurin fiyus kuma an sa wanda ya fi ƙarfin abin da aka rubuta a jikin allon. Baba ya ce mini labarin a bayyane yake: wani ya taɓa soka ta a wutar 230 tun tana ta 120, ɓangare ɗaya ya ƙone, aka kai wa mai gyara ya sa abin da ya samu a kusa. Ya ƙara da cewa a irin wannan na'ura tiransistoci suna raba nauyi ne a tsakaninsu, saboda haka dole su dace da juna, kuma kasuwa cike take da na jabu waɗanda aka buga wa sunayen manyan kamfanoni, cikinsu kuwa ɗan ƙaramin abu ne da ba zai ɗauki rabin wutar da aka rubuta ba. Ban yi imanin mai shagon ya san duk wannan ba, domin shi ma a haka ya saye ta. Muka yi masa godiya muka fito.

A hanyar komawa ne Baba ya yi mini bayanin kafasita, kuma daga baya na karanta na tarar da abin da ya faɗa daidai yake da abin da masu ƙera su suke rubutawa. Manyan kafasitocin da ke kusa da taransifoma su ne rumbun na'urar: suna tara wuta su sake ta lokacin da kiɗa ya nema. A cikinsu akwai ruwan sinadari da ke bushewa sannu a hankali, zafi kuma shi ne ke gaggauta bushewar. Ana yawan rubuta musu rayuwar sa'a 2,000 a zafin digiri 85, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk raguwar digiri 10 tana ninka rayuwar sau biyu. Idan cikin na'ura yana zama a digiri 45, lissafin ya kai sa'a 32,000, wato kusan shekara 22 ga mai sauraron sa'a 4 kullum. Idan kuwa yana zama a digiri 55, abin ya koma shekara 11. Wannan ne ya sa amfilifaya biyu da aka ƙera a shekara ɗaya suke iya zama ɗaya tana da sauran ƙarfi, ɗaya kuma ta tsufa tukuf. Inda na'ura ta zauna, da yadda aka bar mata iska, sun fi shekarar haihuwarta muhimmanci. Haka kuma wadda aka ajiye a sito shekara da shekaru ba a kunna ba, ita ma tana da nata haɗarin, domin siririn rufin da ke cikin kafasita yana raunana idan ba ya ganin wuta, kuma idan aka ba shi cikakken bolt farat ɗaya yana iya fashewa.

Bayan wannan na yi wata 4 ban ga abin kirki ba. A cikin wannan lokaci ne hankalina ya karkata ga Bryston, kamfanin ƙasar Kanada da ya yi suna da garantin shekara 20 a kan amfilifayoyinsa. Na san duk wadda zan iya saye garantinta ya riga ya ƙare, amma na ɗauka kamfanin da ya yarda ya ɗauki nauyin gyara na tsawon shekara 20 dole ya yi ƙira da tunanin daɗewa. Samfurin 4B-ST, wanda aka yi daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, yana ba da wat 250 a om 8 da wat 400 a om 4. Ajin AB ne, inda tiransistoci suke jan wuta gwargwadon buƙatar kiɗa, saboda haka ba ya cin wuta mai yawa idan yana zaune. Kowane ɓangare yana da tasa taransifomar, babu fanka a ciki da za ta ja ƙura ko ta yi ƙara, sai fukafukan alminiyum a gefe masu fitar da zafi, nauyinsa kuma wajen kilo 20 ne, abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka. An yi amfani da irinsa sosai a ɗakunan naɗar sauti, inda ake kunna na'ura tun safe har dare.

Labarin wadda na saya ta bakin wani abokin aikina ya zo. Wani dattijo ne a Kaduna, ɗan fansho, wanda ya yi shekaru yana aiki a Ingila ya dawo da kayan sautinsa gaba ɗaya, yanzu kuma kunnensa ya yi nauyi, 'ya'yansa ba su damu da kayan ba. Na ɗauki Baba muka kama hanya ranar Asabar da sassafe. Abin da na fara dubawa bayan gaisuwa shi ne bayan na'urar, inda na ga an rubuta wutar Ingila, filoginta ma irin namu ne mai ƙafa uku masu kusurwa. Lambar kwanan ƙira ta nuna 1998. Sai dattijon ya shiga ɗaki ya fito da wata ambulan, a cikinta akwai rasit na shagon da ya saya, da littafin bayani, da takardar gwajin da kamfanin yake haɗawa da kowace na'ura, mai ɗauke da lambarta da ainihin abin da aka auna a jikinta kafin ta bar masana'anta. Mutumin da ya adana takarda fiye da shekara 20 a ƙasashe biyu, na ce a raina, da wuya ya wulaƙanta na'urar da takardar take magana a kai.

Na tambaye shi, “Ranka ya daɗe, yaushe rabon da a kunna ta?” Ya ce ta kai shekara 2. Jin haka Baba ya hana a soka ta a bango kai tsaye. Ya fito da wani ɗan katako da ya zo da shi, mai soket da ƙwayayen fitila irin na da masu zare a ciki, waɗanda aka jera a kan hanyar wutar yadda sai ta bi ta cikinsu kafin ta isa na'ura. Idan akwai gajeriyar hanya a ciki, wato inda wuta take haɗewa ba bisa ƙa'ida ba, ƙwan zai haska sosai ya tsaya a haka, ya kuma tare yawan wutar da za ta yi ɓarna. Idan lafiya ce, zai yi haske na ɗan lokaci yayin da kafasitoci suke cika, sannan ya dushe. Ya haska, ya dushe. Baba ya bar ta a haka kusan rabin sa'a muna shan shayi, sannan ya cire katakon ya ba ta wuta sosai.

Wutar DC ta nuna milibolt 6 a hagu, 9 a dama, kuma bayan sa'a guda lambobin ba su gusa ba sai kaɗan. Da izinin mai ita muka buɗe murfin. Ƙura ce kawai a ciki, dalmar duk ta masana'anta ce, kan kafasitoci a shafe yake, babu kumburi babu yoyo. Ina so in ja kunnen mai karatu a nan: na'urar da ke ba da wat 250 a om 8 dole wutar cikinta ta haura bolt 63 a kowane gefe, kuma kafasitoci suna riƙe wannan wutar bayan an kashe, har bayan an zare filogi. Wanda ba sana'arsa ba ce ya duba da ido, ya bar hannunsa a aljihu.

Sai a lokacin muka sa kiɗa. Na zo da faifai biyu da na san su kamar tafin hannuna, ɗaya na goge da kalangu, ɗaya kuma murya ce zalla ba kiɗa. Da muryar nake gane ko ɓangarorin biyu ƙarfinsu ɗaya, domin idan haka ne, mai maganar zai tsaya cak a tsakiyar lasifikoki biyu, ba ya karkata hagu ko dama. Mun saurara a hankali, mun saurara da ƙarfi, mun kashe kiɗan na kai kunnena jikin lasifika ina neman gurnani ko shuu, abin da na ji bai taka kara ya karya ba. Baba ya riƙa ɗora bayan hannunsa a kan fukafukan hagu da na dama yana gwada ɗuminsu, ya ce sun yi daidai, wanda ke nuna wutar zaman da ke bi ta tiransistocin ɓangarorin biyu ba ta bambanta ba. Ya ɗan ƙwanƙwasa jikin na'urar da gindin sukudireba ko wani sako-sakon haɗi zai yi ƙara, shiru. Fitilun gaba biyu suna kore, ba su koma ja ba ko sau ɗaya, alamar ba mu kai ta iyakarta ba.

Cinikin bai ɗauki lokaci ba. Dattijon ya faɗi kuɗinsa, na taya, ya ce albarka. Na gaya masa gaskiya cewa na'urar lafiyarta ƙalau, amma kafasitocin da suka haura shekara 20 dole in ware kuɗin sauya su nan gaba, kuma na asali daga waje ake odarsu. Ya yi shiru kaɗan, ya rage wani abu, ni ma na ƙara wani abu, ya sallama. Ban matsa masa ba, domin na ga rabuwa da ita ba ta yi masa sauƙi ba, kuma sayen na gari mayar da kuɗi gida ne. Kwalinta na asali ya daɗe da lalacewa, saboda haka muka naɗe ta da bargo biyu muka kwantar da ita a ƙasan mota bayan kujera, inda ba za ta zame ba idan aka taka birki.

A gida ma sai da na yi wasu gyare-gyare. Ranar farko da na kunna ta a kan inbata, inbatar ta yi ƙara ta ɗauke, domin manyan taransifomomi irin na zobe suna fizgar wuta mai yawa a farkon daƙiƙar kunnawa, ninkin abin da suke ci a aiki. Yanzu ina kunna ta ne kafin a ɗora wa inbatar firji da sauran kaya masu nauyi, kuma na tabbatar inbatar irin mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce mai lanƙwasa irin ta layi, domin mai araha da ke fitar da wuta mai kusurwa tana sa taransifoma kuka da zafi. A wutar layi kuma na sa sitabilaiza mai mota a ciki, wadda ƙarfinta ya ninka abin da na'urar za ta taɓa nema, tare da abin da ke jinkirta dawowar wuta na 'yan mintoci bayan an ɗauke an kawo. Ƙaramin janareta ban yarda ya kusance ta ba. Wani gurnani da ya bayyana a mako na farko ya tayar mini da hankali, amma da na zare wayoyin da ke shiga na ga ya ɓace, sai na gane daga wayar dish da ke haɗe da talabijin yake biyowa, ba daga amfilifayar ba. Na kuma koya wa kowa a gidan ƙa'ida ɗaya: a cikin kayan sauti ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, don kada bugun kunna sauran na'urori ya bi ta cikinta ya daki lasifika.

Game da sauti, zan faɗi iya abin da kunnena ya tabbatar. Idan ana saurare a hankali da dare, bambancinta da tsohuwar tawa ƙarami ne, kuma duk wanda ya yi tsammanin sabuwar duniya a wannan matakin zai ji ba daɗi. Bambancin yana fitowa ne idan kiɗa ya cika. Dukan ganga yanzu yana zuwa da nauyinsa ya kuma tsaya inda ya kamata ya tsaya, ba ya jan wutsiya. Kalangu idan makaɗi ya matse tsarkiya ya sassauta, ana jin hawa da saukar muryarsa daban da sauran ganguna, abin da a da yake cakuɗewa. Muryar mawaƙi ba ta ƙara yin tsinin nan ba ko da 'yan amshi sun shigo gaba ɗaya, domin tsinin dama alamar ƙaramar na'ura ce da ta kai bango tana yanke kan sauti. Wat 400 a om 4 na nufin amfiya 10 na wuta, kuma ko da yake da wuya in taɓa neman rabin haka a falona, sararin da ya rage shi ne yake sa komai ya fito a natse.

Na ɗora ta a kan wani ƙaramin benci ita kaɗai, da tazarar taki guda ta kowane gefe, ba komai a kanta. Lokacin hunturu ina rufe ta da ƙyalle idan ta huce, saboda ƙurar da ke shiga ko ta ina, kuma duk ƙarshen wata ina bin fukafukanta da burushi mai laushi. Baba ya ba ni shawarar in sayi ƙaramar mita tawa, ya nuna mini yadda zan auna wutar DC daga waje ba tare da buɗe murfi ba, na kuma samu ɗan littafi ina rubuta lambobin duk wata uku. Awon da na yi a makon jiya ya nuna 7 a hagu, 9 a dama. Kafasitocin da na yi oda, masu jure digiri 105, sun iso tun watan da ya wuce suna cikin kwalinsu, kuma mun yi da Baba zai zo ya sauya su kafin zafin bazara ya kankama.